Hannun Da Yaya Tukur Bai Ɗaga Ba

Ba zan ɓata lokaci da labarin hanya ba. Duk wanda ya taɓa bin mota daga Legas zuwa Akra ya san iyaka uku ce, kuma a kowacce sai an sauke ka an ƙare maka kallo kamar ka sato akuyar wani. Labarina daga tashar Tudu ta Akra ya fara, da hantsi, ƙafafuna a kumbure, Yaya Tukur a gefena leɓensa ya bushe ya yi fari.

Sunana Nafisa, daga Funtuwa. Ɗinki nake yi tun da na gama sakandare. Ba ni da abin nema a Gana, Inna ce ta turo ni. Yaya Tukur yana da sikila, kuma irin mutanen nan ne da ciwo zai kama su su yi ta cewa "da sauƙi" har a ɗauke su ranga-ranga. Inna ta ce, "Ke ce mai bakin. Ki bi shi. Ki ga ya sha ruwa, ki ga ya sha magani, kada ki bari sanyi ya taɓa shi." Na rufe kekena da zane na biyo shi.

Shi abin da ya kawo shi karatu ne. Ya yi digiri biyu a fiziks, ya dawo gida yana koyar da 'yan sakandare, kullum kansa a cikin wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar dutsen guga. Sai wasu jami'o'in Turai suka shirya horo na mako uku a Akra. A ƙarshe za su ɗauki mutum ɗaya ya tafi can ya yi digiri na uku, a ɗauke masa komai. Mutum ɗaya tak. Kuma ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin, Yaya kuwa saura masa wata biyar. Shekara shida yana cike takardu ana ba shi haƙuri. Wannan ce ta ƙarshe, kowa a gidanmu ya sani, ba wanda ya faɗa.

A Tudu aka fara yi mana maraba. Wani dattijo ya nufo mu, farin kaftani, carbi a hannu, Hausarsa tas kamar yau ya baro Katsina.

"Daga gida? Sannunku da hanya. Ina za ku?"

Yaya ya ce unguwar Nima. Dattijon ya ce ai can ya nufa, ya kai hannu kan babbar jakarmu, irin wadda muke kira Gana-mas-go, wadda a ranar na koyi cewa gara ka rufe bakinka da sunanta a nan. Na riƙe hannun jakar.

"Baba, bar shi, mun gode."

"Nafisa," in ji Yaya a hankali. "Dattijo ne. Sake masa."

Na sake. Muka bi shi cikin cunkoso, wata mota ta ratsa tsakaninmu, kafin ta wuce babu dattijo babu jaka. A ciki akwai rigunan sanyin Yaya guda biyu da Inna ta saƙa, da bargonsa, da maganinsa na wata guda. Kwamfutar ce kawai ta tsira, don a ƙirjina take goye. Na tsaya tsakiyar tasha na zazzage duk zagin da na sani. Yaya ya ce wataƙila ɓacewa muka yi masa, mu ɗan jira. Muka jira. Ni na san me muke jira: ba komai.

Wata mai dako da ƙaton kwano a ka, daga arewacin Gana, ita ce ta tsaya. Hausarta ba ta fi kalma ashirin ba. Ta miƙa wa Yaya ledar ruwa, ta ja hannuna har bakin ƙaramar bas ɗin da suke kira torotoro, ta ce da direba "Nima," ta juya. Ko sunanta ban tambaya ba.

A Nima gidan Baba Alhasan muka sauka, abokin cinikin goro na marigayi Babanmu. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi bai taɓa taka Najeriya ba sai sau biyu, amma in ya ce "gida" can yake nufi. Ɗansa Awal shi ma fiziks ya karanta. Ta waya suka saba da Yaya, kuma shi ne ya turo masa tallar horon, don shi ma an ɗauke shi. Ka ga ke nan su biyu ne a gida ɗaya suna neman kujera ɗaya. Na faɗa wa Yaya haka tun a Funtuwa. Ya ce in daina mugun tunani.

Gidan ɗaki uku ne a cikin wani lungu da in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Awal ya bar wa Yaya katifarsa ya koma tabarma. Ni na shiga ɗakin matar gidan, wadda kowa ke kira Mma, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Da ta ji labarin jaka sai ta dafe kai ta ce, "Kai, Tudu! Yarinya, zauna ka ci abinci, ka gaji." Na waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Ni ce. A nan mace da namiji duk "kai" ne. Kwana biyu abin yana ba ni haushi, daga baya na ji da daɗi, kamar an ƙara mini girma.

Abin da ban saba da shi ba shi ne ƙara. Nima ba ta yin shiru. Rediyo, injin niƙa, lasifikar masallaci uku a lungu ɗaya, masu talla da Turanci da Tuwi da Hausa a haɗe. Abincin ma ya ƙi ni. Tuwonsu laushi gare shi kamar kunun da ya kwana, dokunu kuwa, wani curin masara mai tsami da suke ci da kifi, ko warinsa ba na so. Nakan kira Inna in ce lafiya lau, in kashe waya in ji kamar in bi layin in koma. Ƙamshin daddawar miyarta kawai nake so, da ƙarar kekena.

Wata safiya ina taya Mma suya, su Yaya sun zo shan koko kafin su fita, sai Mma ta ce, "Wai ku biyun nan me kuke karantawa da ba ku ƙiba?"

Awal ya yi dariya. "Cale, gaya masa. Ni na gaji da bayani." Cale ita ce "abokina" a bakin 'yan Akra.

Yaya ya sa ni da Mma muka ja wani zane muka ɗame shi. Ya ɗora lemo biyu a tsakiya, zanen ya lotsa. Ya ce sararin sama haka yake, abu mai nauyi yana lotsa shi. Akwai taurarin da in sun mutu suke dunƙulewa su zama abin da ake kira baƙin rami, nauyinsu ya wuce misali. In biyu suka yi ta zagaye juna har suka yi karo, sai sararin kansa ya girgiza. Ya karkaɗa zanen, na ji motsin ya zo yatsuna. Ya ce girgizar tana tafiya shekaru aru-aru kafin ta iso duniya, ta iso a gajiye, ba mai jin ta sai wasu na'urori masu dogayen hannuwa da aka gina a wasu ƙasashe. Matsalar ita ce na'urar tana jin komai: mota ta wuce, ƙasa ta motsa, iska ta kaɗa. Aikinsu shi ne su zauna da lissafi su tsamo wannan 'yar muryar daga cikin hayaniya.

"Kamar ki tsaya a kasuwar Nima ranar Laraba," ya ce da ni, "ki ji Inna tana kiran ki daga Funtuwa."

Ya kunna mana a waya. Wani ɗan sauti ne da ya taso daga ƙasa ya haura sama ya tsinke, "wuuup," kamar ɗigon ruwa a randa. Shi ke nan.

"To in kun ji, sai ku yi me?" in ji Mma.

"Sai mu rubuta, Mma."

"Allah ya kyauta. Ƙara ƙosai."

Baba Alhasan na kan benci yana saurare. Ya ce yaya za a san ba ƙaryar inji ba ce? Yaya ya gyara zama, don tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce ya fi son a ce na'ura biyu masu nisa da juna sun ji abu ɗaya kusan a lokaci ɗaya. In ɗaya ce kawai ta ji, da wuya a gaskata ta.

"Shaidu biyu," in ji Baba. "Ashe Turawan ma sun san shari'a."

A mako na farko ruwan Akra ya same mu. Ban taɓa ganin irinsa ba. Da rana tsaka gari ya yi baƙi, babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi ta cika ta tumbatsa da leda da takalma. Su Yaya suna hanyar dawowa, torotoro ta mutu, suka tako da ƙafa cikin ruwa har gwiwa. Ya shigo yana rawar ɗari. Babu rigar sanyi, babu bargo, suna wurin dattijon Tudu. Mma ta lulluɓe shi da zannuwanta huɗu. Na tambaye shi, ya ce da sauƙi.

Da gari ya waye ba ya iya miƙe ƙafa. Wanda bai taɓa ganin ciwon sikila ya tashi ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Namiji mai shekara ashirin da tara yana cizon matashi don kada masu gida su ji kukansa. Awal ne ya goya shi a baya har titi, ta cikin lungun nan mai santsi. A wani asibiti a Mamobi likita ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara. Na miƙa hannu, aka gwada, nawa bai yi ba. Kafin in gama faɗa da nas, Awal ya naɗe hannun rigarsa.

Da Yaya ya farfaɗo, Awal na bakin gado yana shan lemo.

"Cale, an gama da kai. Yanzu rabinka ɗan Gana ne. Gobe za ka nemi dokunu da kanka."

Yaya ya yi dariya har hawaye. Kwana uku yana kwance, kullum Awal na kawo masa abin da aka koyar, su baje takardu a kan gadon asibiti. Zan faɗi gaskiya tun da na ɗauko faɗa: a kwanakin nan babu wanda nake ganin girmansa a duniya kamar Awal. Har na fara gyara ɗaurin ɗankwali in na ji muryarsa.

Bayan an sallame shi na ce ƙafata ƙafarsa. Masu horon suka yarda in riƙa zama a kujerar baya da gorar ruwa. Babban malaminsu wani Farfesa ne, Bature tsoho, gashi fari fat, yana tafiya yana jan ƙafa ɗaya. Ya ce kowa ya kira shi da sunansa kawai. Duk ajin suka bi, ban da Yaya. Shi "Yallaɓai" yake cewa da Turanci, kansa a sunkuye. Ba na gane lissafin, amma ina da ido. In tsohon ya ba da aiki, Yaya ne ke fara ajiye biro, sannan ya zauna shiru har wani ya ba da amsa.

Ana saura kwana huɗu a tashi, Farfesan ya haska wani zane a bango, layi biyu masu lanƙwasa, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ya ce ga wani karo da na'ura biyu suka ji, ba shi da shakka a kansa, kowa ya je ya lissafo nauyin ramukan, a kawo gobe. Na ga Yaya yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tun muna yara, in ya kaɗa ƙafa haka, ya ga abin da wani bai gani ba.

A torotoro muna uku a kujera ɗaya, ni a tsakiya. Ya buɗe littafinsa a kan cinyata ya nuna wa Awal.

"Duba lokacin. Tsakanin na'urar farko da ta biyu, haske ma akwai iyakar abin da zai ɗauka. Wannan ya iso ta biyun a makare, ya wuce iyakar. Ba abu ɗaya suka ji ba. Hayaniya biyu ce ta yi kama da juna. Kamar mutum biyu su ce sun ji tsawa ɗaya, wannan da azahar, wancan da la'asar."

Awal ya daɗe yana kallon shafin. "Cale. Obroni ya yi kuskure." Obroni Bature ke nan. "Gobe ka tashi ka faɗa."

"A gaban mutane? Mutumin da ya girmi Babanmu?"

"To me?"

"Zan same shi shi kaɗai in an tashi."

Na san daga ina wannan ya fito. A zauren gidanmu Babanmu yakan ɗauki karatu wurin wani malami, Yaya na gefe tun yana ƙarami. In malam ya yi tuntuɓe a karatu, ba mai ɗaga kai. Sai kowa ya watse, sannan ka matsa kusa, ka rage murya, ka kawo abin da sigar tambaya, kamar kai ne ba ka gane ba, har malam ya gyara da kansa ya zama shi ya gano. Haka aka rene shi, kuma a Funtuwa ana yabonsa a kan haka.

Na ce, "Yaya, nan ba zauren Baba ba ne."

Ya ce, "Sha ruwanki."

Washegari Farfesan ya shigo, ya sake haska zanen. Bai karɓi aikin kowa ba. Ya tsaya ya ce, kafin a ci gaba, akwai mai magana? Shiru. Ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya sake tambaya: ba wanda wani abu ya dame shi a zanen nan? Ina kallon ƙeyar Yaya kamar in huda ta. Hannunsa na kan littafin, a rufe. Na yi tari. Na buga gora a ƙasa. Bai motsa ba. Na ga Awal ya juya ya kalle shi, ya daɗe yana kallo.

Sannan Awal ya ɗaga hannu.

Turancina na sakandare ne, amma na gane kowace kalma, don jiya na ji ta da Hausa a kan cinyata. Har tsawar bai bari ba, sai dai ya mai da ita safe da yamma. Ina jira ya ce "ɗan'uwana ne ya gani." Ina jira har ya zauna.

Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafa. Ya ce ba kuskure ba ne, tarko ne. Shi ya haɗa zanen da hannunsa. Ya ce lissafin nauyi kowa zai iya, kwamfuta ma tana yi. Abin da yake nema shi ne wanda zai kalli tsoho mai farin gashi ya ce masa ka yi kuskure.

Yaya ma ya tafa. Na gan shi da idona.

Bayan kwana biyu aka kira sunan Awal. A lungu Mma ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida, Baba Alhasan ya sa aka yanka rago, yana ta share ido da gefen rawaninsa. Ɗan zango, unguwar Hausawa, zai zama dokta a Turai. Wa ke jera kujeru? Yaya Tukur. Wa ke zuba wa baƙi ruwan wanke hannu? Yaya Tukur, da idanunsa da ba su gama washewa daga ciwo ba. Na ja shi bayan ɗaki.

"Ba za ka yi magana ba?"

"In ce me?"

"Ka ce naka ne!"

"Rage murya, Nafisa. A gidan mutane muke."

Da safe na zare littafin daga jakarsa na hau torotoro ni kaɗai. Na sami Farfesan yana haɗa kayansa a wani ƙaramin ofis. Ban yi sallama mai tsawo ba. Na buɗe shafin na ajiye masa, na faɗi abin da ya faru da Turancin da nake da shi, inda ya ƙare na ƙarasa da hannu. Ya sa tabarau ya duba. Ya juya shafi, ya koma baya, ya juya wani. Fuskarsa ta canza. Ya ce in ba shi lambar yayana.

Kafin awa ɗaya Yaya ya iso, yana haki. Ya ga littafin a tebur, ya gan ni. Kallon da ya yi mini, na gwammace ya mare ni.

Tsohon ya ce ya zauna. Ya ce ba a riga an aika suna ba, sai gobe. Tambaya ɗaya zai yi masa. Wa ya gano matsalar lokacin nan?

"Awal ne ya ɗaga hannu, Yallaɓai."

"Na gani, ina wurin. Ba ita na tambaya ba. Wa ya gano?"

Fanka na juyawa a sama. Na ce da Hausa, "Yaya, don darajar Inna." Bai kalle ni ba. Idonsa na kan hannunsa na hagu, daidai inda aka sa allurar ƙarin jini, baƙin wurin bai gama gogewa ba.

"Tare muke karatu da shi," ya ce. "Abin da ke littafina, da nawa da nasa a haɗe suke. Ƙanwata ba ta san fiziks ba. Ta ji muna magana ne a mota."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Ba wawa ba ne, na san ya gane. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce littafin nan ya fi duk abin da ya gani a mako ukun nan. Ya ce amma ba zai ƙwace kujera daga hannun mutum a kan maganar mutum ɗaya ba, alhali mai abin ya musa. Sannan ya faɗi wadda ta fi yi mini ciwo. Ya ce a aikinsu mutane da yawa ne ke sa hannu a takarda ɗaya kafin a sanar wa duniya an ji wani abu. In akwai wanda ya ga kuskure ya yi shiru don kunya, to duk sun faɗi tare. Ya tura wa Yaya littafin. Ya ce, "Sau biyu na tambaya a aji. Yau na uku."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ya gode.

A waje rana ta take. Muka tsaya jiran mota, na kasa haɗiye abin.

"Ka mai da ni maƙaryaciya a gaban Bature."

"Na'ura ɗaya ce ta ji, Nafisa," ya ce, har da ɗan murmushi. "Kin san dokar."

"Kada ka yi mini wasa!"

Murmushin ya tafi. "To da kin yi nasara fa? A gidan wa za mu kwana yau? In shiga in ce wa Baba Alhasan ragon da ya yanka na banza ne, ɗansa ɓarawo ne? In kalli Mma, da zannuwanta a jikina? Mutumin nan ya goya ni. Jininsa ke yawo a jikina yanzu da nake miki magana."

"Shi ya tuna da wannan da zai ɗaga hannu?"

"Wannan tsakaninsa da Allah ne. Ni nawa na sani."

Awal na same shi da yamma a kan 'yar gadar da ke bisa kwata, yana kallon ruwan baƙi. Ya ga fuskata ya san na sani, ya san kuma na je.

"Na jira shi," ya ce. "Wallahi na jira. Ka gani ai, na juya na kalle shi. Obroni zai wuce, abin ya tafi a banza, ba ni ba shi."

"Na gani. Da ka tashi, me ya hana ka faɗi sunansa?"

Ya ce shi ma shekara huɗu yana zaune, yana gyara wa mutane waya a bakin titi da digirinsa. Ya ce in na san abin da ake nufi da a haife ka a Nima, ka rubuta adireshinka a takardar neman aiki a ajiye ta gefe. Na ce ban tambaye shi tarihin Nima ba, suna ɗaya na tambaya, mai harafi biyar. Na bar shi a nan.

Ranar da za mu tafi, Mma ta cika mana leda da ƙosai da soyayyen naman ragon walima. A bakin lungu ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ban san abin da ta sani ba, ban san wa ya gaya mata ba, ko fuskar ɗanta kawai ta karanta. Ta ce a hankali, "Ka yafe mana, yarinya." Na so in ce na yafe, bakina ya ƙi. Awal ya raka mu har Tudu, ya ɗauki jaka, wannan karon ta iso. Da mota za ta tashi ya cire wata sabuwar rigar sanyi mai kauri daga leda, irin wadda ya saya don ƙasar da za shi, ya tura wa Yaya ta taga. Yaya ya karɓa. Ya sa ta tun kafin mu fita Akra. Naman kuwa ban taɓa ba har Legas.

Yanzu shekara ɗaya da wani abu ke nan. Yaya ya cika talatin a aji, yana koya wa 'yan aji huɗu yadda ake auna gudun mota. Ya daina cike takardu. Ciwon ya tashi sau uku tun dawowarmu, na ƙarshen ya taɓa masa ƙugu, yanzu da sanda yake zuwa makaranta. Inna ba ta san abin da ya faru ba. An gaya mata wani ya fi shi ne, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni na koma kan kekena. Mutane na cewa na rage surutu.

Ranar Asabar da ta wuce na kai masa abinci ɗakinsa da rana. Yana zaune da rigar nan, kwamfutar na hura zafi, layi ja da shuɗi a fuskarta. Wayarsa na gefe, saƙo a buɗe, na ga sunan. Awal ne. Ya turo wani lissafi da ya cije masa, malaminsa na jira ranar Litinin. "Cale, duba mini."

Na ajiye kwanon da ƙarfi har miya ta zube.

"Yaya, na tambayi nas a asibiti. Jinin da aka ƙara wa mutum ba ya wuce wata huɗu a jiki. Ya ƙare. Tun bara ya ƙare. Babu ɗigon Awal ko ɗaya a jikinka."

Bai ɗago ba. Yatsunsa na kan madannai.

"Na sani," ya ce. "Na riga ki lissafawa."

"To don me?"

Ya juyo da kwamfutar wajena, ya nuna wani ɗan lanƙwasa a cikin tarin zane, ƙarami kamar zaren da ya kubce daga allura.

"Wannan na gaske ne, Nafisa. Bai kai wata biyu da isowa duniya ba. In ban duba masa ba, ta ina zan gan shi?"

Na kalli ƙasan tebur. Ƙafarsa mai lafiyar tana kaɗawa.

Na ɗauko tsumma na goge miyar, na jawo masa ƙofa.